Daɓe mai tudu da kwari: me ake yi kafin a shimfiɗa laminet?

Mai tambaya, Gwarzo:
Salamu alaikum. Ɗaki ne mita 4 da 4, daɓen simintin ba a daidaice yake ba, ana son sa masa katakon laminet, wato siraran allunan daɓe masu sarƙewa da juna. Wasu sun ce a ninka soson da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa biyu, zai shanye tudu da kwarin. Masu aikin, me kuka gani?

Kafinta, Bichi:
Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka ninka soso. Kaurinsa milimita 2 zuwa 3 ne, ƙarar taku yake ragewa, ba ya cike rami. Inda ƙasa ta lotsa, duk takun da aka yi sai katakon ya lanƙwasa, haƙoran da suka sarƙe su karye, gaɓa ta buɗe. Sami miƙaƙƙen ƙarfen alminiyam mai mita 2, ka kwantar a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa. Duk inda ratar ƙarƙashinsa ta wuce milimita 3, zagaye da alli.

Magini, Ringim:
Tudu ake fara ci kafin a taɓa kwari. A ci shi da injin gurza siminti, a rufe hanci, ƙurarsa na cutar da huhu. A share tas, a shafa ruwan gam ɗin da ake sayarwa tare da simintin mai bajewa da kansa, wanda za a cike kwarin da shi. In aka tsallake gam ɗin, tsohon daɓen ya tsotse ruwan, sabon ya ɓare kamar ƙanzo. Lissafin simintin: wajen kilo 1.7 a kowace murabba'in mita a kan kaurin milimita 1. Ɗakinka, in milimita 3 ne, buhu 4 mai kilo 20 da ɗan ɗori, sayi 5. Ruwa kuwa yadda aka rubuta a buhun. In ya yi yawa saman ya koma gari. A zuba da sassafe, da zafin bazara minti 20 ya fara kamawa.

Mai tambaya:
Baba, in ba a sami simintin mai bajewa a kusa ba fa?

Magini, Ringim:
A tambaya a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. In kuma ramin ya kai santimita 2 ko 3, gara sabon daɓe: siminti kwano 1, yashi mai kaifi kwano 3, kauri santimita 3 zuwa 4. Sirara ba ta zama, tsagewa take. A rufe da leda mako guda, musamman da hunturu. Bushewa kuwa kusan kwana ɗaya ga kowace milimita, santimita 4 wajen kwana 40 ke nan.

Mai sa tayil, Auyo:
Ni danshi ya fi damuna. Yawancin ɗakunanmu a kan cikon ƙasa aka zuba daɓe babu leda, ga fadama kusa. Manna leda mai faɗin rabin mita da salatif, a bar ta kwana 2. In ka ɗaga ka ga gumi ko wurin ya yi duhu, dakata. Kuma gwajin rani ba ya gaya maka halin Agusta. Ɗakin da ke jiƙa da damina, tayil ya dace da shi, laminet kumbura yake.

Kafinta, Bichi:
Haka ne. Ko ya bushe, a shimfiɗa leda mai kaurin milimita 0.2, gefe ya hau gefe da santimita 20, a manne, sannan soso ɗaya. Kwalayen laminet ɗin su yi kwana 2 a kwance cikin ɗakin. A bar ratar milimita 10 jikin kowane bango da bakin ƙofa, kuma a duba gindin bango ko akwai hanyar gara.