Mai shan maganin ƙwaƙwalwa zai iya komawa cikin mawaƙa?

Dattijon ikilisiya: Salama a gare ku. Kan yaron nan mai buga mana ganga da aka sallamo daga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ni dai a ganina ya zauna a benci tukuna. Muddin yana shan ƙwayoyin nan bai warke ba. In abin ya motsa ana tsakiyar sujada fa?

Nas: Baba, da girmanka, kai da bakinka ka ba da shaida cewa kullum da safe sai ka sha maganin hawan jini. Wa ya ce ka ajiye dattijanci sai ka daina? Abin da ke tayar da ciwon nan barin magani ne, da rashin barci, da kaɗaici. Kuma rawar hannu da nauyin jikin da kuke gani kuna cewa aljanin bai fita ba, sau da yawa maganin ne ke jawo su, likita kan iya rage shi ko ya sauya.

Malamin makarantar Lahadi: Anti, kada mu mai da Baba mugu. Ina wurin bara da ya tashi yana ihu ya kifar da teburin baiko. Yaran ajina mako uku suna tsoron shigowa. Tsoron nan gaskiya ne.

Shugabar zumuntar mata: Gaskiya ne ɗana, amma ka tuna me ya faru kafin ranar? An kai shi wani gidan addu'a, aka ce ya zubar da magani ya yi azumin kwana bakwai. Ni na raka mahaifiyarsa ɗauko shi, sawun sarƙa na nan a ƙafarsa har yau. Gwamnati ma ta sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta yar da tsohuwar ta 1958, mu kuma muna nan jiya i yau. Da annabi Iliya ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace, abinci da ruwa mala'ika ya fara kawo masa, ya bar shi ya sake barci.

Mai keken guragu: Tunda an taɓo, bari in shigar da tawa. Matakala biyar ce a ƙofar majami'armu. Kowace Lahadi samari huɗu ke cicciɓa ta kamar buhun masara, ranar da suka makara a waje nake jin wa'azi ta taga. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika tun 2024. An sayi sabbin lasifika, siminti buhu goma ya gagara. Alhali mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953.

Dattijon ikilisiya: 'Yata, wannan magana ce daban, za mu kai ta kwamitin gini.

Mai keken guragu: Ba daban ba ce Baba. Ni da shi duk a kanmu ake zaman shawara, ba a taɓa kiranmu zaman ba.

Malamin makarantar Lahadi: To a bar shi ya fara zuwa koyon waƙa ranar Alhamis, ƙaninsa na kusa da shi. In an ga wata guda lafiya, sai Lahadi.

Dattijon ikilisiya: Ban amince ba tukuna. Amma zan je gidansu Laraba in ji daga bakinsa.

Nas: Ka je da la'asar Baba, maganin kan sa shi barci da safe.