Matan Lyon sun fi OM da PSG? Gardamar fadarmu ta Bukoki

Isuhu: Salamu alaikum ƴan fada. Maganar da iska ta tashe mu a kanta jiya da dare, shayi na biyu ko sauka bai yi ba, ga ta na dawo da ita. Ina nan kan bakana: duk ƙasar Faransa ba a taɓa yin ƙungiyar balo da ta kai matan Lyon ba. Ba OM ta Marseille ba, ba PSG ta Paris ba. Kofin zakarun Turai sau 8 tsakanin 2011 da 2022, biyar daga ciki a jere, daga 2016 zuwa 2020. Kofin ƙasa kuwa shekara 14 ba fashi, daga 2007 har 2020. Mai ja ya kawo nasa lissafin.

Alhaji Bubakar: Isuhu, ka ji tsoron Allah. Ran da Basile Boli na OM ya sa kai ya ci Milan a Munich a 1993, muka ɗauki kofin zakarun Turai, kana ina? Abedi Pele ne ya bugo kwanar, mu muna tsugune gaban tele ɗaya tal a unguwa, har da masu hawa katanga. Shi za ka haɗa da wasan da filin rabinsa kujeru ne?

Isuhu: Ranka ya daɗe, ina goye a lokacin, ban musa ba. Amma ɗaya ne fa. Ɗaya. Kuma a shekarar nan aka ƙwace wa OM kofin ƙasa saboda maganar sayen wasan Valenciennes.

Alhaji Bubakar: Yaro, bar tone-tone.

Mamman PSG: Ni dai 5 da 0 muka yi wa Inter a 2025, a Munich ɗin da Alhaji yake taƙama da ita. Maganar Lyon kuwa a bayyane take: kuɗi ne. Aulas, shugaban Lyon na wancan zamani, ya zuba dukiya lokacin da sauran ƙungiyoyin mata ko takalmi da kyar suke saye. Ya kwaso Lotta Schelin daga Suwidin, Kumagai ta Japan, Hegerberg ta Norwe, har Alex Morgan ya ɗauko daga Amurka. Babba ne ya shiga kokawar yara ya yi ta kayarwa, sai a ba shi takobi?

Laminu: Mamman, kai ne yau kake zagin kuɗi? Ɗan PSG? Tun 2011 Katar take zuba muku, sai bayan shekara 14 kuka ga kofin. Ashe kuɗi kaɗai ba ya ɗauko shi.

Mamman PSG: Wannan daban.

Laminu: Daban ta ina?

Malama Rabi: Ku yi mini haƙuri in sa baki, tunda Laminu ya jawo ni cikin gidan nan don tsarin bikin ƙanwarsa, ga shi na tarar da abin da ya fi bikin zafi. Mamman ƙanena, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka riƙe shi ta wutsiya. Ƙungiyar nan ba da Aulas ta fara ba. Tun 1970 take, a ƙarƙashin FC Lyon, shekarar da hukumar balo ta Faransa ta yarda mata su buga a hukumance. Har ta ɗauki kofin ƙasa a shekarun 1990 ba wanda ya san da ita. A 2004 ne Olympique Lyonnais ta karɓe ta. Me ya sauya? Aka ba su albashi, aka ba su fili mai kyau, likita, mai horarwa na gaske. Yarinya ta daina tashi daga wurin aiki a gajiye ta zo horo da magariba. Wato abin da ake yi wa maza tun kaka da kakanni, shi aka yi musu. Kowace babbar ƙungiya a Turai tana da kuɗin yin haka a lokacin, ba ta ga dama ba. Real Madrid sai 2020 ta yi ƙungiyar mata. Laifin Lyon ne da ta riga su farkawa?

Mamman PSG: Yaya Rabi, ba laifi na ce ba. Cewa na yi ba ta da abokin karawa.

Malama Rabi: Ba ta da shi a gida, na yarda, har ku kuka karya ta a 2021. A Turai fa? Jamusawa ne ke riƙe da wasan mata kafin ta. A 2010 Potsdam ta doke ta a wasan ƙarshe da bugun penalti. Ta dawo 2011 ta rama, 2 da 0 a Landan. A 2012 ta bi Frankfurt har Munich ta cinye ta. A 2013 Wolfsburg ta kayar da ita. Kofin 2016 da na 2017 duk da penalti ta same su, na biyun ma a hannun matan PSG ɗinka, a Cardiff, har masu tsaron gida suka buga. Wanda ba shi da abokin karawa ba ya kai wa ga penalti.

Laminu: Mamman ya yi shiru. A kai masa ruwa.

Ɗan Tawa: Ni hwa duk ba ku taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi ba. Wanga zance na "ta fi kowa" shina da matsala tun daga tushe. Kofin maza na Turai tun 1955 ake buga shi, na mata sai 2001. In kana son gwada rago, da rago ɗan uwansa ake gwada shi a kasuwa. Ku gwada Lyon da Barça ta mata, nan ne gardama take. Barça ta ɗauka 2021, 2023, 2024, kuma ta tara mutum sama da 91,000 a Camp Nou har sau biyu a 2022. Lyon ta taɓa tara haka?

Isuhu: Ba ta taɓa ba. Amma jama'a ba sa shiga raga. A 2019 a Budapest minti 30 kacal aka yi Lyon tana da 4, Hegerberg ita kaɗai ta ci 3. A 2022 a Turin, lokacin da kowa ke cewa Barça ba ta da magani, 3 da 1 aka tashi.

Ɗan Tawa: Ka tsallake Bilbao. 2024, Bonmatí da Putellas, 2 da 0.

Isuhu: Ban tsallake ba, ina zuwa.

Ɗan Tawa: Ba ka zuwa ko'ina.

Malama Rabi: Wasan Budapest ɗin nan ni abin da na riƙe daga cikinsa daban ne. Ƙwallo ɗayan da Barça ta ci dab da tashi, Asisat Oshoala ce ta Najeriya, maƙwabciyarmu. Na yi tsalle a ɗaki kamar mu muka ci, alhali Lyon nake so. Kun san na buga balo a lekol, lamba 5 nake sawa, saboda tsawona. Da na kai aji na ƙarshe aka ce ya isa, ƴa mace ta girma. Ban yi gardama ba, ba a yi da iyaye. Shi ya sa Wendie Renard take shiga raina. Daga Martinik ta taso, ta zo Lyon a 2006 tana da shekara 16, ita ma mai tsaron baya ce, doguwa, kuma duk kofuna 8 ɗin nan da ita aka ɗauka. Ba sayo ta aka yi tana tauraruwa ba, Mamman. Haka Amel Majri da Selma Bacha, a gidan suka tashi.

Alhaji Bubakar: Rabi ƴata, ashe ke ce dogon bangon da ake ba mu labari. To ni ban sauka daga kan OM ba, kuma ba zan sauka ba sai an kai ni makwanci. Amma zancen kujeru da na yi ɗazu, na janye rabinsa.

Laminu: Rabi kawai, Alhaji?

Alhaji Bubakar: Rabin ma don Rabi ne.

Mamman PSG: Yanzu dai Aulas ya tafi, wata attajira Michele Kang ce ta saye su tun 2023, har suna ta sauya musu a 2025, wai OL Lyonnes. Kuma a shekarar Arsenal ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Da sauran suka fara kashe kuɗi, kun ga yadda abin ya koma.

Isuhu: Ka dawo kan maganar Malama ba ka sani ba. Wa ya tilasta musu kashe kuɗin? Duka suka sha har suka gaji.

Ɗan Tawa: Ni dai na tsaya nan: a mata, Lyon ce ta ɗaya, Barça na bin ta. Haɗa ta da maza kuwa neman rigima ne irin na Isuhu.

Isuhu: Na karɓi rabin farko. Sauran mu ƙarasa da dare. Mamman, kai ke da sukari yau, gawayi na wurina.

Malama Rabi: Kafin nan a turo mini kuɗin anko. Mutum 4 ne kawai suka biya, kuma Isuhu ba ya ciki.