Akwai kuɗi a tsofaffin kaset ɗin gem, ko dai labarin Amurka ne kawai?

Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara yi min dariya. Tsofaffin kaset ɗin gem ɗin nan da muka taso muna bugawa, na Sega da na Nintendo, yanzu dukiya ne. A watan Yulin 2021 kamfanin gwanjo na Heritage da ke Amurka ya sayar da kaset ɗaya tal na Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56. Kwana biyu kafin nan na Zelda ya tashi a dala 870,000. Mu kuma ga su nan zube wajen 'yan jari bola da masu kayan Beljiyom, ba mai ko kallonsu. Shawarata mu haɗa ɗan jari, mu bi Sabon Gari da Panteka ta Kaduna har Alaba ta Legas, mu kwashe tun kafin a farga. Ni na riga na fara, jiya na ɗauko kwali guda.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Sadiq, ba kai ne ka zo mana da maganar kiwon tarwaɗa bara ba?

Sadiq: Anti, wannan daban.

Injiniya Nura: Turo hotonsu mu gani, gaba da baya, da bakin da ake sokawa.

Sadiq: Ga su nan. Masu ruwan ɗorawa da shuɗi sun fi yawa, sai baƙaƙe na Sega, sai ƙanana biyu na Game Boy.

Injiniya Nura: To, masu ruwan ɗorawan nan duk jabu ne, tun daga nan na gane su. Ka ga wanda aka rubuta wa 9999999 in 1? Shi ne wanda za ka kunna ka tarar Mario ne da Contra da gem ɗin tanka da na harbin agwagwa, ana ta maimaita su da sabon suna. Abin da yawancinmu muka buga muna yara ba na kamfanin Nintendo ba ne. Kwaikwayon Famicom ne, na'urar gem ta Nintendo wadda ta fito a Japan a 1983, kamfanonin Taiwan da Sin suka yi ta buga irinta suna turawa Afirka da Rasha da sauran wurare. Kaset ɗinta haƙora 60 gare shi. Na NES, wato samfurin Famicom ɗin na Amurka, wadda masu tarawa ke zuba wa kuɗi, haƙora 72 ne, dogo ne mai launin toka, ko shiga irin injinmu ba ya yi. A kwalinka ban hango irinsa ko ɗaya ba.

Mubarak: Bari in sa baki, tunda ni ina Amurka, inda ake wannan farautar. Sadiq bai yi ƙarya ba a alƙaluman, har ma ya rage: a watan Agustan 2021 an sayar da wani Super Mario Bros. dala miliyan 2. Sai dai waɗannan duka sababbi ne fil, a cikin kwalinsu, ledar kamfani ba a taɓa yage ta ba tun ranar da aka rufe. Sannan wani kamfani mai suna Wata ya duba ya ba su maki, ya kulle su a akwatin roba. Ledar da makin ake saye. Super Mario Bros. ɗin kansa an sayar da fiye da miliyan 40 a duniya, yawanci tare da injin yake zuwa. Tsirara haka ba kwali, kuɗinsa bai fi na abincin rana ba a nan.

Kuma ko wancan tashin farashin bai ɗore ba. An zargi masu ba da makin da haɗa baki wajen hura kasuwar, har aka shigar da ƙara kotu a 2022, farashin da yawa daga cikin kayan ya faɗi sosai bayan haka.

Sadiq: Amma Yaya Mubarak kai da bakinka ka taɓa ba mu labarin matar da ta tsinci kaset a shagon gwanjo.

Mubarak: Na ba ku. Wani gem ne na NES mai suna Stadium Events, a wani shagon Goodwill na kayan gwanjo a jihar North Carolina, 2013, ta biya dala 7.99, abin da masu tarawa ke saye da dubban daloli. Dalilin tsadarsa shi ne kamfanin Bandai ya fito da shi a 1987, ba a jima ba Nintendo ta karɓe haƙƙin, aka janye shi daga kasuwa aka sake fito da shi da wani suna, kaɗan ne suka shiga hannun jama'a. Amma ka lura shekara nawa ke nan ana maimaita labari ɗaya. Yanzu ko tsohuwar da ta fito da tarkacen gidanta ƙofar gareji ranar Asabar, kana ɗaga kaset jikanta zai ciro waya ya duba PriceCharting, shafin da ke nuna farashin tsofaffin gem. Goodwill ɗin ma suna tsince masu daraja su sa a shafinsu na gwanjo, ba sa kaiwa kan kanta. Nakan fita da sassafe, abin da na fi tararwa gem ɗin ƙwallo ne na shekarun baya, waɗanda ko kyauta ba a rububinsu.

Alhaji Habu: Ni da nake sauke kwantena bari in gaya muku yadda kayan ke zuwa. Kafin kaya su bar Turai an riga an tace su. Mai lodin can ya tsince, dillalin Kwatano ko na Alaba ya sake tsincewa, yaran shago su ma su ɗauki nasu. Abin da ya iso Kano shi ne wanda kowa ya gani ya bari. Kuma kayanmu yawanci na Turai ne, ba na Amurka ba.

Injiniya Nura: Wannan maganar ta Alhaji tana da nauyi. Na Turai tsarin PAL ne, irin na talabijin ɗinmu, na Amurka da Japan kuwa NTSC. Shi kansa Stadium Events ɗin akwai na Turai, kuma bai kama ƙafar na Amurka a kuɗi ba, don ya fi shi yawa.

Sadiq: To ku duk kun taru a kaina. Ba wanda zai ce akwai ko ɗaya mai amfani?

Mubarak: Akwai mana, in za a yi adalci. Little Samson na NES, wanda Taito ta fitar a 1992, ko ba kwali yana haura dala 1,000. Pokémon na Game Boy Advance, irin su Emerald, gangariyarsa ta wuce dala 100, kuma wannan zai iya faɗowa cikin kayan Turai, don yaran can sun saye shi da yawa. Matsalar ita ce babu kaset ɗin da aka fi yi wa jabu kamarsa.

Sadiq: Yauwa! Ɗaya daga ƙananan nan biyu Pokémon ne.

Injiniya Nura: Kada ka yi saurin murna. Karkata shi a haske ka duba takardar gaba, na gaske akwai 'yan lambobi da aka danna a jikinta, ba bugu da tawada ba. Sai ka leƙa ta bakinsa, sama da haƙoran kaɗan za ka ga an rubuta Nintendo a jikin fanel ɗin. Masu jabu ma yanzu suna kwaikwayon rubutun, saboda haka hukuncin ƙarshe sai an buɗe. In ka tarar da baƙin ɗigo daskararre kamar kwalta a maimakon aisi mai ƙafafu, an gama magana. Kada ka sa wuƙa, notin nasa mai baki uku ne, yana da sukundirebansa na musamman.

Sadiq: Babu lambar. Takardar ma sheƙi kawai take yi, kuma a ɗan karkace aka manna ta.

Anti Bilki: Allah ya mayar da alheri.

Injiniya Nura: Na Sega ɗin dai akwai biyu da nake kyautata wa zato. Mai ɗan maɓalli ruwan ɗorawa a gefe FIFA ne, haka kamfanin EA ke yin nasa. Ɗayan Sonic 2 ne. Da alama gangariya ne dukansu, sai dai suna cikin waɗanda suka fi yawa a duniya.

Isuhu Maraɗi: Ni ban yarda da yadda kuke auna abin ba. Kun ɗauki ma'aunin Amurka kun ɗora, duk abin da bai hau ba kun ce shara ne. Jabun nan da Injiniya ke rainawa shi ne tarihinmu. Akwai wani da muka buga, Somari, Mario ne aka saka a cikin duniyar Sonic, wasu 'yan Taiwan suka yi shi a 1994 ba da izinin kowa ba. Babu kamfanin da zai sake fito da shi har abada. Na kamfanonin ma da ke da rajista, wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa a lokacin, balle waɗannan marasa uba. A kasuwar Katako ta Yamai na ga ana fasa irinsu ana zuba fanel ɗin a buhu a auna a kilo. Akwai masu tara na jabun musamman, suna kwafe abin da ke ciki don kada ya ɓace. In Sadiq zai tara don wannan, ina ciki. In don ya zama miloniya ne, a cire sunana.

Anti Bilki: Isuhu, duk gem ɗin nan fa suna cikin wayar ɗana, ya sauke su kyauta. Me zai sa in tara ƙura a ɗaki?

Isuhu Maraɗi: Hajiya, ce masa ya harbi agwagwa da bindiga a wayar. Bindigar robar gem ɗin nan ko a filasma ba ta aiki, sai talabijin mai ƙeya, don da yadda hasken tsohuwar kwalbar ke fita take gane inda ka auna.

Malam Sani: Ina ta bin ku ban ce komai ba, amma akwai kalma ɗaya a saƙon Sadiq na farko da ta tsaya min: tun kafin a farga. Ke nan ribar gaba ɗaya an gina ta ne a kan rashin sanin mai kayan. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a tare ayari a hanya a saye kayansu kafin su shiga kasuwa, kuma malamai sun ce daga cikin hikimar hanin akwai kare wanda bai san farashi ba.

Alhaji Habu: Allah gafarta Malam, a nan kam zan ja da kai. Ɗan jari bola ba baƙon ayari ba ne, a cikin kasuwar yake zaune, shi ya sa wa kayansa kuɗi, aka yi ciniki ya sallama. Shi ma a nawa ya karɓo daga gidan da ya ɗauko? Wataƙila da robar wanki ya yi musaya. In na sayi kwantena a rufe na tarar da rabi matattu, wa ke biya na? Sanin kaya shi ne jarin ɗan kasuwa. Wanda ya kwana yana karatun haƙora 60 da 72 ba zai raba ladan wahalarsa da wanda bai yi ba.

Malam Sani: Ban ce cinikin ya ɓaci ba, Alhaji. In ya faɗi kuɗinsa ka biya, an wuce wurin. Inda matsalar take shi ne ya ce maka, ni ban san abin nan ba, nawa yake yi, ya dogara da kai, kai kuma ka ce ai shara ce alhali ka san ba haka ba ne. Wannan yaudara ce ƙarara. Kuma ka san yadda ake ciniki a wajen, sai an kushe kaya kafin a taya.

Alhaji Habu: Kushe kaya kuma ai gaisuwa ce a kasuwa.

Malam Sani: Gaisuwar da za a tambaye ka a kanta.

Mubarak: A nan ma masu tarawa suna wannan rigimar. Wasu in sun yi babbar tsintuwa sukan koma su ƙara wa mai kayan wani abu, wasu su ce ko kusa.

Sadiq: Ni dai ban kushe ba. Ya faɗi kuɗi na rage kaɗan ya ce in kawo.

Anti Bilki: A yadda Injiniya ya yi bayani ma ai kai ne abin tausayin, ba shi ba.

Injiniya Nura: Ko da a ce ka dace da mai tsada, saura sayarwa. Wa zai saya a nan? Sai dai ka sa a eBay, ka biya kuɗin aikawa da zai iya fin kuɗin kaset ɗin, mai saye ya ga sabon asusu daga ƙasar da ba a san ta da wannan harkar ba, in ya ce jabu ne a mayar masa da kuɗinsa kai kana nan. Ga zafi da ƙurar hunturu da laimar damina da suka ci takardar gaba, su kuwa masu tarawa ɗan ƙarcewa kaɗan sai su zabge kuɗi. Masu ajiye inda ka tsaya kuma batiri ne a ciki, irin CR2032 a na Super Nintendo, yawancinsu sun mutu sai an sauya da dalma.

Sadiq: Har yanzu ban sauka ba. Kano kaɗai gidaje nawa ne iyayensu suka yi karatu a Ingila ko Amurka a shekarun 1980 da 1990 suka dawo wa 'ya'yansu da na gaske? Waɗannan ba su bi ta hannun dillalin Alhaji ba. Suna nan a sito.

Mubarak: Wannan kam magana ce. In akwai abin kirki a ƙasar, a irin gidajen nan yake, ba a kasuwa ba.

Malam Sani: Su kuma in ka je sai ka gaya musu abin da ka sani.

Sadiq: In sha Allahu, Malam.

Injiniya Nura: Kawo min kwalin shago ranar Asabar mu buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ina da injin Sega, wato Mega Drive, mai aiki. Kafin nan kada ka hura musu iska da baki yadda muka saba, danshin ne ke sa haƙoran tsatsa, auduga da sifirit za mu sa. Kuma in ka samo inji daga gidajen da kake faɗa, duba adaftar kafin ka jona. Na Amurka wutar 110 yake sha, tamu 220 ce da ɗoriya.

Isuhu Maraɗi: Masu ruwan ɗorawan kada a zubar. In akwai Somari a ciki na saya, faɗi kuɗinka.

Alhaji Habu: Sadiq, ka ji ya nuna yana so. Ninka masa.