Musayar Waƙa Kan Aaron Swartz

Ɗan Fagge:
'Yan uwa, amsa-amon yau "ya" ne. Mai amsawa ya biyo shi.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Aaron Swartz nake son tunawa,
Yaron Amurka mai hazaƙa da baiwa,
Da ya ce ilimi ba a kulle shi kamar dukiya.

Shekara 14 gare shi, ƙarami,
Ya zauna cikin manya masu ilimi,
Suka tsara RSS, hanyar bibiyar sabbin labaran shafukan intanet, ya zam jarumi,
Dandalin Reddit ma ya shiga tun farkon tafiya.

A jami'ar MIT ya jona kwamfuta,
Taskar maƙalun bincike ta JSTOR ya shiga cikinta,
Maƙalu miliyan 4.8 ya sauke daga gare ta,
Janairun 2011 aka kama shi a hanya.

Malam na Zazzau:
Ɗana, baitocinka sun tsaru sarai,
Amma akwai abin da ka tsallake dai,
Ɗakin wayoyi ya shiga a ɓoye shi kaɗai,
An toshe shi, ya sauya lambar kwamfuta ya zagaya.

Ko da ƙofa ba ta da sakata,
Mai ɗaki in ya hana, sai a dakata,
Carmen Ortiz, lauyar gwamnati, ta furta,
Sata sata ce, hanyoyinta duk ɗaya.

'Yar Katsina:
Baba, da ladabi nake amsawa,
JSTOR ta karɓi kayanta, an yi sasantawa,
Ko maƙala guda bai kai ga sayarwa,
To wa aka cuta? Ga tambaya.

Lauyoyin gwamnati suka ce shekara 35 a gidan yari,
Da tarar dala miliyan 1 a kan ƙari,
Tuhuma 4 ta koma 13 a jeri,
Da dokar kutse ta 1986, sa'arsa a duniya.

Wai ya amsa laifi ya yi wata 6,
Ya fito da tabon mai laifi har abada,
Ya ƙi, ya zaɓi kotu a kawo shaida,
Kuɗinsa suka ƙare wajen neman kariya.

Ɗan Damagaram:
Yaya, kin taɓa inda ke mini ciwo,
Kundin digiri ya sa ni yawo,
Maƙala kan zazzaɓin sauro sai da dala zan sawo,
Mu ke kwana da cutar, mu ke shan wuya.

Kar ku manta SOPA, ƙudurin toshe shafuka,
Shi da ƙungiyarsa Demand Progress suka tada mutanen Amurka,
18 ga Janairun 2012 Wikipedia ta rufe fuska,
Majalisa ta ga taro, ta ja da baya.

Malam na Zazzau:
'Yata, ina nan kan bakana, ya keta,
Amma gargaɗi da tara sun wadata,
Hukuncin da ya zarce laifi ya ɓata,
Zalunci ne, in ana son gaskiya.

A Brooklyn, 11 ga Janairun 2013,
Yana ɗan 26, ana masa barazanar kurkuku,
Ya kashe kansa, ban yaba ba, ina gaya muku,
Amma waɗanda suka matsa masa su ji kunya.

Ɗan Fagge:
Baba, sai da ya rasu aka janye ƙara,
'Yar majalisa Zoe Lofgren ta kai ƙudurin gyara,
"Dokar Aaron" a majalisa, aka yi ta jira,
Ba ta wuce ba, tsohuwar dokar kutse na nan lafiya.