Ƙofofin kabad ɗin kicin na gidan 'yartsana sun lanƙwashe, fenti ya ƙi bushewa

Maman Ilham, Agege:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu aikin hannu ku taimaka min. Wata uku kenan ina haɗa gidan 'yartsana, wanda ake yi a ma'aunin 1:12 wato kowace ƙafa ɗaya a gidan gaske ta zama inci ɗaya, na gama falo da ɗaki yanzu ina kan kicin, na yi kabad na ƙasa guda huɗu tsayin inci 3 zurfin inci 2 da na sama guda uku, da sandunan askirim na yi ƙofofin, to na shafa musu farin fentin mai ranar Asabar yau Laraba har yanzu in na taɓa sai yatsana ya fito a jiki, kuma ƙofofi biyar sun lanƙwashe kamar cokali basa rufuwa. Wallahi abin ya dame ni dan na sa raina a kicin ɗin nan sosai. Sannan wurin aikin ma matsala ne, ɗaki da falo muke, a kan teburin cin abinci nake yi, kullum sai na kwashe in an zo cin abinci, jiya durowa ɗaya ta ɓata ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa, sai da na share falon nan kaf ban ganta ba. Ya kuke yi ne?

Baba Kafinta, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara da shekaru ina aikin katako a garin nan, abin da ya same ki danshin Legas ne, yanzu muna tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Yuli ko mu da manyan kabad sai mun yi haƙuri da fenti. Amma akwai kuskure biyu. Na farko fentin mai yayi wa abu ƙarami kauri, sama ta kama ƙasa na nan ɗanye, zai iya kai sati biyu yana danƙo. Na biyu na tabbata fuska ɗaya kika shafa wa ƙofofin, ɗaya fuskar tana shan danshin iska tana kumbura, wadda ke da fenti bata sha, dole katakon ya juya. Ko wace ƙofa ki shafa mata gaba da baya da gefuna a zama ɗaya.
Shawarata kada ki wahalar da kanki da gyaran ƙofofin nan biyar, ki sake sababbi. Ki nemi guntun obeche, Yarbawa arere suke ce masa, a kasuwar katako ta Amu da ke Mushin ko wajen kowane kafinta a unguwarku, fari ne mara nauyi reza ma tana yanka shi, har Turai ake kai shi saboda masu ƙananan ayyuka irin naki. Ki ce a fere miki shi siriri kamar milimita 2. Ki goga samfefa lamba 220, ki shafa sandin sila, wato ruwan da ake fara shafa wa katako kafin fenti, gaba da baya, in ya bushe ki sake gogawa da lamba 400 a hankali, sannan fentin ruwa akirilik, ki tsinka shi, shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Abu ɗaya, ƙurar obeche tana tayar wa wasu da asma, ki sa takunkumi kuma kar yara su zauna kusa lokacin guga, sannan ki duba guntun da kyau in kinga ƙananan ramuka da gari na zuba ƙwaro ne a ciki, ki bar shi.

Ummu Sadiq, Mile 12:
Yar uwa maganar wuri ni ma haka na sha fama, ɗinkin kayan 'yartsana nake yi da ɗan kayan ɗaki. Abin da ya cece ni babban faranti ne na silba irin na rabon abinci, duk aikin a kansa nake yi, in lokacin abinci yayi sai in ɗauke shi gaba ɗaya in ɗora saman wadrob, kuma da yake yana da baki abu baya gangarowa ƙasa. Ƙananan kaya kuma robar maganin nan mai gida bakwai ta kwanakin sati da ake samu a kemis, gida ɗaya durowoyi gida ɗaya hannaye gida ɗaya fil, burushi da reza a gwangwanin madara. Ki ware roba mai murfi ta shanya kawai, ki liƙa kowace ƙofa a kan tsinken sakace ki soke a soso, ki ɗan buɗe murfin iska na shiga, nan da hunturu zaki gode min dan ƙurar Disamba in ta sauka a ɗanyen fenti shikenan. Wanda ya bushe kuma ki ajiye shi da 'yan ƙunshin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, suna tsotse danshi, amma ki ɓoye su daga yara.

Maman Ilham, Agege:
Allah ya saka da alheri, Baba gaskiya ne fuska ɗaya na shafa. To hinji fa? Dan na gwada sufa gulu da ƙyalle sai ya bar farin tabo a jikin robar da na sa a matsayin gilashi.

Baba Kafinta, Idi-Araba:
Tururin sufa gulu ne ke yin wannan farin, ki koma farin gam irin Top Bond, ki ɗiba da bakin tsinke, in ya bushe baya nunawa, sai dai akwai ruwa a cikinsa dan haka ki danne aikin da littafi mai nauyi ya kwana. Hinji kuma fil ɗin tela ya isa, ki huda saman kabad da ƙasansa daidai gefen ƙofar, ki fara hudawa da allura kar katakon ya tsage, ki tura fil ya shiga cikin ƙofar ki datse sauran, sannan ki goge gefen ƙofar ta wajen fil ɗin ya ɗan yi zagaye in ba haka ba zai riƙa cijewa. Ki bar ɗan sarari kamar kaurin takarda biyu kewaye da ƙofar saboda fenti zai ci wuri. Wajen kafa kabad na sama ki bar inci ɗaya da rabi tsakaninsu da saman kabad na ƙasa, dan a kicin na gaske inci 18 ake bari.

Maman Ilham, Agege:
Na rubuta duka a takarda Baba. Gobe in sha Allah zan aika ƙanina Mushin, faranti kuma ina da shi cikin kayan aurena tun ɗazu na sauko da shi na wanke. Ummu Sadiq durowar nan ta fito, a cikin takalmin Ilham na makaranta.