Tambaya: Yaya zan raba dubu 150 a kan kayan Kirsimetin yara uku?

Uwar Yara Uku, Mabera:

Salama gare ku 'yan'uwa. Daga nan Sakkwato nake neman shawara a kan hidimar Kirsimeti ta bana. Yarana uku ne: babbar mace shekara 8, na tsakiya namiji shekara 5, sai autar tana da shekara 2. Zan ɗauki adashi na naira dubu 100 a ƙarshen Nuwamba, Babansu kuma ya ce zai ƙara dubu 50 idan albashin Disamba ya shigo. A cikin wannan kuɗin nake so a yi ɗinki, a sayi takalma da ɗan abin wasa, a yi abincin da za a kai wa maƙwabta, a kuma aika wa kakanninsu wani abu a Zuru. Me zan fara saya, me zan bari sai ƙarshe? Yadi nawa zai ishe su? Don Allah waɗanda suka san kan abin su taimaka.

Ma'ajin Zumuntar Mata:

Maman yara, sannu da ƙoƙari. Kafin a taɓa maganar atamfa, ki zauna da Babansu ku duba Janairu. Wuraren aiki da yawa sukan biya albashin Disamba da wuri saboda biki, to wannan albashin shi zai riƙe gida har ƙarshen Janairu, kusan mako biyar ko shida ke nan. A farkon Janairun ne kuma ake komawa makaranta zango na biyu. Idan dubu 50 ɗin da ya yi alkawari daga kuɗin makaranta ko na cefanen Janairu za su fito, ki ɗauka dubu 100 kawai gare ki, ki yi lissafi a kansu.

Idan kuwa dubu 150 ɗin tsaf suke, ga yadda zan ba ki shawara ki raba su. Ki fara cire dubu 15 ki ajiye gefe, kada ki sa musu suna. Su ne na kuɗin keke zuwa kasuwa, cajin mai POS, zif da ya lalace, ko baƙon da ya iso babu sanarwa. Sauran dubu 135: yadi da kuɗin ɗinki dubu 55, takalma dubu 25, abincin maƙwabta dubu 28, kakanni da ɗan goron yaran unguwa dubu 15, kayan wasa dubu 12. Na san kason kayan wasa zai yi miki kamar ya yi kaɗan. Da gangan ne. Tufafi da takalma za su yi wa yaro wata shida ko fiye, motar roba kuwa da wuya ta kai sabuwar shekara da ƙafafunta huɗu.

Kowane kaso ki sa shi a ambulan ɗinsa, ki rubuta suna a baya. Ranar da za ki shiga Babbar Kasuwa sayen takalma, ambulan ɗin takalma kaɗai za ki ɗauka. Abin da ke rusa lissafi shi ne mutum ya shiga kasuwa da kuɗin gaba ɗaya, ya ga wani leshi mai kyau, ya ce zai cike gurbin daga baya. Ba a cikewa.

Matsalar da na hango a tsarinki ita ce lokaci. Adashinki sai ƙarshen Nuwamba, teloli kuwa a lokacin sun fara cika. Ki je wurin uwar adashi tun yanzu ki roƙa a musanya miki kwasa da wadda za ta ɗauka a tsakiyar wata. Idan bai yiwu ba, ki kai yaran a auna su, ki kama layi da ɗan kafin alƙalami, yadin ya biyo baya. Kuɗin adashin su tafi ga ɗinki, takalma da busassun kayan abinci irin su shinkafa, fulawa, sukari da man gyaɗa, domin waɗannan ba sa lalacewa kuma farashinsu kan motsa idan biki ya matso. Kuɗin Babansu su tsaya wa kaji, kayan miya, kakanni da kayan wasa.

Ki kuma fara tara tsabar kuɗi kaɗan-kaɗan tun farkon Disamba. Duk mun ga wahalar da aka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, kuma ko ba irin wannan ba, a makon biki layin banki kan yi tsawo, masu POS su ƙara caji. Sabbin takardun kuɗi da ake ba yara, a banki ake neman su. Sayen su a hannun masu talla a bakin titi asara ce, kuma dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana sayar da takardun naira.

Tela, Tsohuwar Kasuwa:

Mama Ma'aji ta gama magana a kan kuɗi, bari in amsa ta yadi.

Turmin atamfa yadi 6 ne. Yarinya 'yar shekara 8, doguwar riga mai ɗan buɗewa a ƙasa, yadi 2 da rabi ya ishe ta. Autar yadi 1 da rabi, har da ɗan abin ɗaure kai. Saura yadi 2, wannan zani ne gare ki cif, sai ki haɗa shi da farar riga ko wata da kike da ita. Ke nan turmi ɗaya ya fitar da ku uku anko. Amma ki lura da zanen: atamfa mai manyan furanni tana cin yadi, domin sai tela ya daidaita zanen gaba da baya, abin da ya rage ya zama ƙyalle. Ga yara, mai ƙananan zane ta fi arziki.

Namijin, riga da wando, yadi 2 na yadin maza mai faɗi ya isa. Idan shadda ce ki sayi 2 da rabi. Ni dai a ɗan shekara 5 ban ga amfanin shadda mai tsada ba, ranar farko zai zauna da ita a ƙasa. Yadi mai ɗan kauri wanda ba ya nuna ƙura, ruwan toka ko ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, ya fi dacewa da hunturunmu. Fari a Disambar Sakkwato kafin a fito daga sujada ya zama wani abu dabam. Aikin wuya kuma ki ce a yi ɗan siriri. Surfani mai yawa yana ƙara kuɗi, yana ƙara kwanaki domin sai an kai wa mai aiki dabam, sannan yana sukar yaro a ƙirji idan ba a sa shafi ba.

Abubuwan da za ki faɗa wa tela da bakinki, kada ki ɗauka ya sani: ya bar kalmasa inci 2 a ƙasan riga da ƙafar wando domin a saki idan sun ƙara tsawo; ya bar inci 1 a kowane gefe daga ciki; ƙugun wando roba za a sa, ba zariya ba, saboda yaro ya iya cirewa da kansa idan fitsari ya matse shi; rigar autar kada a sa mata duwatsu ko ƙananan maɓallai, za ta ciro ta kai baki. Idan yadin auduga ne zalla, ki jiƙa shi ki shanya kafin ki kawo, domin yana tsukewa a wankin farko.

Maganar rana. Kaya su shiga hannun tela kafin 1 ga Disamba, ranar karɓa kuma ku yi ta a kan 12 ko 15, kada ki ce masa 24. Disamba watan bukukuwan aure ne ma, ɗinkin amare yana danne na yara, ga wuta da ba ta da tabbas. Rabin kuɗi za ki ba da, sauran sai kin karɓa. Ki yanki ɗan ƙyalle daga kowane yadi ki riƙe, ki ɗauki hoton yadin da takardar awo a waya. Ranar karɓa ki zo da yaran su gwada a nan take, su ɗaga hannu, su tsuguna. Hammata da zif su ne suka fi ba da matsala, kuma gyaransu na minti ashirin ne idan da sauran kwanaki.

Malamar Firamare, Arkilla:

'Yar'uwa, ni a kan takalma da kayan wasa zan tsaya, amma da farko akwai abin da bai shiga lissafin Mama Ma'aji ba: rigar sanyi. Sujadar daren 24 da ta safiyar 25 duk cikin sanyi ake yin su. Ki rage dubu 6 ko 7 daga kason ɗinki ki shiga wurin 'yan gwanjo a nemo musu rigunan sanyi, da safa da hular ulu ta autar. A wanke da ruwan zafi, a shanya a rana sosai, a goge. Ki haɗa da babbar kwalbar basilin saboda leɓe da ƙafa.

Takalmi kada ki saya da ƙiyasi, lambar da ke jikin na kasuwa ba ta da tabbas, wani 30 ɗin ya fi wani 30. Ki tsayar da yaro a kan takarda da yamma, yana tsaye ba a zaune ba, ki yi alama a dunduniya da kan yatsan da ya fi tsawo, ƙafa biyun duka, ki ɗauki wadda ta fi girma. Ki ƙara santimita 1 zuwa 1 da rabi, ki karya tsinken tsintsiya daidai wannan tsawon. A kasuwa ki zura tsinken cikin takalmin. Idan ya kwanta daidai ba tare da ya lanƙwashe ba, shi ne. Kada a wuce haka da sunan zai girma a ciki. Takalmin da ya yi yawa yana sa tuntuɓe, kuma kafin ƙafar ta cika shi ya mutu. Na manyan biyun ki zaɓi baƙi ko ruwan ƙasa mai rufi wanda makarantarsu ta yarda da shi, ya yi Kirsimeti ya wuce aji a Janairu. Ki lanƙwasa tafin ki gani, ki ja madaurin. Inda aka liƙa da gam kawai, ki biya mai gyaran takalmi ya bi shi da zare tun yana sabo.

Kayan wasa kuwa autar ce ma'auni, ko na yayyenta ne, domin duk abin da ya shigo gida sai ya bi ta bakinta. Abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar takardar bayan gida ya yi ƙanƙanta ga yaron da bai kai shekara 3 ba. Balan-balan da ta fashe a tsince ta nan take, guntunta yana toshe maƙogwaro. Bindigar roba mai harsashin ƙwallaye ki bar ta a shago saboda ido. Abin fashewa na wasan wuta ma haka, iska ta bushe, gobara ba ta da wuya a wannan lokaci.

Wanda na fi jin tsoro shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda ke cikin takalma masu walƙiya, agogon yara da 'yan kayan wasa masu kiɗa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yana iya ƙona wurin cikin awa biyu. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure da noti ba, kada ki saya. Idan kuma tsautsayi ya faru, ba a sa yaro amai, ba a jira a ga abin da zai biyo baya. A nufi asibiti kai tsaye, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Ƙwararru, a gaya musu batir ne. Yaron da ya wuce shekara 1 ana iya ba shi zuma cokalin shayi biyu duk minti goma a kan hanya, amma zumar ba magani ba ce, rage ɓarna kawai take yi kafin a isa.

Dubu 12 za su yi haka: ƙwallo mai kyau ɗaya na su duka, littafin labaran Littafi Mai Tsarki mai hotuna da fensiran launi a ƙunshi ɗaya na babbar, mota ta turawa da hannu marar batir na namijin, 'yar tsana ta ƙyalle mai idon zare ta autar. Kowa ya samu abu ɗaya da sunansa a jiki, a naɗe ko da da takardar kalanda ce. Yara ƙidaya suke yi, ba su san farashi ba. Idan ɗaya ya samu biyu ɗaya ya samu ɗaya, an shiga rigima ko da ɗayan ya fi tsada.

Dattijo, Gawon Nama:

'Yata, abu biyu zan ƙara. Abincin maƙwabta ki rubuta gidajen tukuna kafin ki auna shinkafa, waɗanda suka kawo muku naman layya su ne a sahun gaba. Gida shida zuwa takwas, kwano madaidaici kowanne, tiya biyu ta shinkafa da kaji uku za su ɗauke shi har a ci a gida. Kajin a kai wa Musulmi ya yanka, a kasuwa ko wani maƙwabci, yaran da za su kai abincin kuma a gaya musu su faɗi haka a ƙofa, domin a ci da kwanciyar rai. Kada ki sayi kaji tun da saura mako biyu da nufin gudun tsada, cutar kaji tana yawo a hunturu, ɗaya ta kwanta sai ta ja sauran. Kwana biyu ko uku kafin biki ya isa. Cin-cin kuwa a soya shi tun 20 ga wata, ya huce sarai kafin a rufe a bokiti, in ba haka ba ya yi laushi.

Na kakanni, ban goyi bayan a tura kuɗi kawai ta waya ba. A ƙauye cire su ma aiki ne. Bargo ɗaya, sabulu, sukari da ganyen shayi, a ba direban da kuka sani a tasha kafin 18 ga wata, kafin motoci su cika kuɗin kaya ya hau. Babbar jikar ta rubuta musu gaisuwa da hannunta a saka a ciki. Baikon godiya na coci kuma ku cire shi daga albashi, ku ba kowane yaro nasa ya saka da hannunsa.

Uwar Yara Uku, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Baba Tela, tambaya ɗaya ta rage: idan uwar adashi ba ta yarda da musanya ba, kuma yadin bai samu ba sai 2 ga Disamba, in haƙura da ɗinki in sayi na kanti?

Tela, Tsohuwar Kasuwa:

Na 'yan matan a ɗinka, doguwar riga marar ado ba ta wuce yini ɗaya a kan keke, in dai an riga an yi awo kin kama layi. Na namijin ne ke ɗaukar lokaci saboda aikin wuya. Ki ce a yi masa marar aiki, ko ki saya masa riga da wandon kanti, ki riƙe awon ƙugunsa da tsawon ƙafarsa a takarda lokacin da za ki shiga kasuwa.