Wane aiki zan ba ɗalibaina na bayoloji don ƙarin maki?

Malama mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyar da bayoloji a babbar sakandare, shawararku nake nema. Zango ya kai rabi, wasu ɗalibaina sun faɗi gwajin farko, suna ta roƙo in ba su wani aiki da zai ƙara musu maki. Akwai kuma 'yan kaɗan masu kaifin kai da darasin aji ba ya isarsu. Ba na son in ce kowa ya zano ƙwayar halitta a kwali, don na san yadda ake yi: a kwafo daga intanet, a shafa launi, a karɓi maki, kai kuwa wayam. Ɗakin gwajinmu ba shi da kayan kirki. Wane aiki yaro zai yi da hannunsa har abin ya zauna masa? Kuma maki nawa ya dace in ware?

Malamin bayoloji:
Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da dankalin turawa da gishiri. Yaro ya yanka dankalin sala-sala masu tsayi ɗaya, ya auna kowane da rula, ya rubuta. Ya sa ɗaya a ruwa zalla, sauran a kofunan da gishirinsu ke ƙaruwa: rabin cokali, cokali ɗaya, cokali biyu, ruwan kuma daidai wa daida a kowane kofi. Bayan awa biyu ya sake aunawa. Na ruwa zalla zai yi tauri har ya ɗan ƙara tsayi, na ruwan gishiri mai yawa zai yi laushi ya tsuke, saboda ruwa yana ratsa fatar ƙwayar halitta ya nufi ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Wanda ya lanƙwasa dankalin nan da yatsunsa ba ya ƙara ruɗewa a kan wannan ratsawar ruwa da ake kira osmosis.

Amma inda makin yake shi ne takardar. Kafin ya taɓa wuƙa, ya rubuta abin da yake zaton zai faru da dalilinsa. Sannan jadawalin awo, sannan bayani. In sakamakonsa ya saɓa wa littafi, ya faɗi gaskiya, ya kuma nemo dalili, ki ba shi cikakken maki. In ba haka ba, za ki koya musu gyara lambobi ne kawai.

Wani mai sauƙi: a ɗaure leda a reshe mai ganye da safe, a ɗaure wata a reshen da aka cire wa ganye, da yamma a duba wacce ta tara ruwa.

Tsohuwar malama mai ritaya:
'Yata, ni ta wani gefen zan ɓullo. Ƙarin maki yana da haɗari in ba a sa masa ƙa'ida ba. Yaron da ya yi ta ƙin aikin gida tun farkon zango, sai ya zo ƙarshe da ledar ganye ya kamo wanda bai taɓa fashi ba? Wannan zalunci ne, kuma yara suna lura. Ki sa sharaɗi: sai wanda ya kammala ayyukan dole zai shiga na ƙari. A ganina kada ya wuce maki 5 cikin 100.

Su kuma waɗanda suka faɗi, ba sabon aiki suke buƙata ba. Ki mayar musu da takardunsu, kowace tambaya da suka kuskure su rubuta amsar daidai, su bayyana abin da ya ruɗe su, su nuna shafin da suka samo gyaran. Ki mayar musu da wani kaso na makin da suka rasa, amma bayan kin yi wa kowa tambaya biyu baki da baki. A nan ake gane wanda aka rubuta wa.

Malamin lissafi:
Na goyi bayan Mama a kan sharaɗin. In kun kai darasin gado, ga nawa. Gregor Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gado, ya yi gwajinsa da waken fis a lambun gidan ibada a birnin Brno, a ƙasar Czech ta yau, daga 1856 zuwa 1863, ya buga sakamakon a 1866, ya sami kusan uku bisa ɗaya a tsatso na biyu, wato tsirrai uku masu siffa mai rinjaye ga kowane ɗaya mai siffa mai ɓuya. Yara suna haddace wannan kamar doka. Ki ba kowa tsabar kuɗi biyu, ɗaya uwa ɗaya uba, fuska ɗaya siffa mai rinjaye, ɗayar mai ɓuya. Ya jefa su tare sau 20, sai duka biyun sun nuna mai ɓuya zai ƙirga ta a mai ɓuya, sauran duk mai rinjaye ne, zai ga lissafin ya ƙi daidaita. Sai a haɗa na ajin gaba ɗaya a allo, su ga yana matsowa kusa da uku bisa ɗaya. Daga nan za su gane dalilin da ya sa Mendel ya ƙirga dubban tsirrai.

Ma'aikaciyar jinya:
Malama, don Allah in an zo gado kada ki ce su binciko rukunin jinin iyayensu ko su zano jerin danginsu da siffofin kowa. Akwai marayu, akwai 'ya'yan riƙo, akwai abin da ba a aji ya kamata yaro ya fara jinsa ba. Ki ƙirƙiro musu iyali na takarda. Idan aikin jikin ɗan Adam kike so, su ƙirga bugun jini a wuyan hannu suna zaune, su sake bayan tsalle na minti biyu, su ga minti nawa yake ɗauka kafin ya sauko. Na babba mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. Mai asma ko ciwon zuciya ya riƙe agogo da rubutu.

Wani uba:
Roƙona ɗaya ne a matsayin uba. Ku ba da aikin da kayansa suke cikin gida, ku kuma ba da lokaci. In aiki ya zama sai an sayo kaya, makin na aljihun iyaye ne, ba na yaro ba.

Malamin bayoloji:
Gaskiya ne Baba. Su kuma masu kaifin kan, ki ba su labarin gwajin masanin kimiyya Jan Baptist van Helmont, wanda aka buga a 1648. Ya dasa bishiyar wilo mai nauyin kilo biyu da ɗoriya a tukunya, shekara biyar ruwa kawai yake ba ta. Bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar tukunyar kuwa ba ta rage ko giram 100 ba. Sai ya yanke cewa daga ruwa nauyin ya fito. Tambaya ɗaya za ki yi musu: me ya tsere masa? Wanda ya kai ga iskar kabon dayoksaid da kansa, ya kuma faɗi gwajin da zai tabbatar da hakan, ya ci makinsa.

Malama mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Mama, na ɗauki sharaɗin da gyaran takarda. Saura tambaya ɗaya: wasu suna so su fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, daga ayaba, in bar su su yi a gida?

Ma'aikaciyar jinya:
A makaranta dai, a gabanki. Su dama ayabar da ruwa da ɗan gishiri da sabulun wanke-wanke na ruwa, su tace da ƙyalle, ke kuma ki zuba sifirit mai sanyi sosai a hankali ta gefen kofin, kada ya gauraya. Farin abu mai yauƙi zai taso a saman, shi ne DNA ɗin, su naɗo shi da tsinke. Sifirit yana kama wuta, ba a kuma shansa, don haka kwalbar ta zauna a hannunki, a buɗe tagogi.